In Kaka Ya Ajiye Sanda

Jikata ce ta zauna a bakin ƙofa jiya da hantsi tana fiƙe fensir da reza, ƙamshin itacen ya iso ni inda nake tsince wake, sai na ji hannuna ya tsaya. Kai mai karatu, wataƙila ba ka taɓa lura fensir yana da ƙamshi ba. Yana da shi kuwa. Ni ta hanci na fara sanin rubutu, shekaru da yawa kafin in gane baƙi ko ɗaya, a kan dutsenmu da ke can bayan Manga. Shekarun hamsin ne na lissafin Turawa, amma kada ka tambaye ni wacce a ciki. Mu a lokacin da damina muke ƙirga shekara, ni kuwa ina da damina takwas ko tara.

A bisa dutse aka haife ni, can aka haifi babana, can aka haifi babansa. Ɗakunanmu suna manne tsakanin manyan duwatsu, rumbunan dawa a gefe, mata sun yi musu zane da yatsa tun laka tana ɗanya. Da damina wurin yana da daɗi, ba na musu. Ruwa kan fito daga tsagin wani dutse a bayan gidanmu, mai sanyi har haƙori ya amsa. Amma da an kwashe dawa an shiga rani sai idon ruwan ya koma ɗigo, abin da ba zai ishi gida uku ba, mu kuwa mun fi gida talatin. Daga nan sai mata su koma sauka. Sau biyu a rana innata ke ɗaukar tulu ta gangara har rafi, ta hauro da shi. Ni ina biye da ɗan ƙaramin nawa. Har yau in na tuna hawan nan, wuyana ne ke fara tunawa kafin kaina. Innata ba mai ƙorafi ba ce, amma na san inda takan tsaya, wani faffaɗan dutse a tsakiyar hanya, ta dafa gwiwa, ta yi kamar ni take jira.

Babana soja ne. Ya je yaƙin Bama, ya ƙara wasu shekaru a bariki, sannan ya dawo gida da akwatin ƙarfe, da bargo, da takalma masu nauyi da ba su da amfani a kan dutse, da kuma karatun boko da ya koya a soja. Hausa kaɗai ya iya rubutawa, don yarenmu a lokacin ba wanda ya nuna masa yadda ake sa shi a takarda. Labaran yaƙi bai cika ba da su ba. Labari ɗaya ne ba ya gajiya da shi, na wani tafinta ɗan ƙasar Sin da suka yi kwanaki tare a wani sansani suna jiran ruwan kogi ya janye. Wannan mutum ya gaya masa a ƙasarsu akwai wani tsohon littafi da aka tara jawaban sarakuna da wazirai na zamanin da, ƙasa-ƙasa, abin da wannan sarki ya ce ranar da yaƙi ya taso, abin da wazirinsa ya amsa masa. Tun kafin a san takarda aka rubuta su, a jikin tsagin gora, aka ɗaure da zare. Sarakunan sun mutu, garuruwansu sun rushe, amma har ranar da suke hirar nan yara suna karanta maganarsu. Babana ya ce da ya ji haka, a can cikin dajin mutane, babansa kawai ya tuna.

Dalili kuwa, kakana shi ne littafinmu. Aikin gidanmu ke nan tun kakanni: riƙe maganar sarakunan dutse da suka shuɗe. In rigima ta taso kan gona, ko aure, ko iyaka, dattawa kan taru a kira shi, ya faɗi abin da sarki na kaza ya ce da irin wannan ta faru a zamaninsa. Kuma akwai yadda ake faɗa. In zai faɗi maganar sarki, a tsaye yake yi, riƙe da sanda, murya a sama. In ya gama sai ya ajiye sandar a ƙasa, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai, ya faɗi amsar da na hannun daman sarki ya bayar, wanda babana yake kira waziri da Hausa don bai sami wata kalma ba. Wannan da ƙaramar murya ake faɗarta, don haka mai ita ya faɗe ta a gaban sarkinsa.

Babana ya roƙi Kaka ya bari a rubuta. Kaka ya yi kwana biyu yana juya abin, sannan ya ce in mutanen da ke ƙarshen duniya sun ga amfanin haka, shi ba zai fi su wayo ba. Babana ya sauka Zuru ranar kasuwa ya sayo littafin rubutu guda, siriri, da fensir biyu. Suka fara bayan bikin Uhola, lokacin da aikin gona ya ƙare, kullum da la'asar a gindin tsamiyar gidanmu. Ni ina nan ina ɓarar gyaɗa. Kaka ya faɗa da yare, babana ya juya a kansa ya rubuta da Hausa, yana lasar bakin fensir.

Abin da na gani, na gani da idona. Duk lokacin da Kaka ya ajiye sanda ya tsuguna, fensirin babana ma sai ya kwanta. Wani sa'in a lokacin ne yake fiƙe shi, wani sa'in ya miƙe ƙafa yana kallon gangare. Kaka idonsa ya riga ya yi rauni, kansa kuma yana ƙasa, bai san an daina ba. Wata rana na yi ƙarfin hali na tambayi babana me ya sa. Bai yi faɗa ba, dariya ma ya yi. Ya ce takarda ba ta da yawa, kuma a soja abin da babba ya faɗa shi ne oda, ba a rubuta gunagunin kofur. Na yarda da shi. Wa zai ƙi yarda da mutumin da ya haye teku ya dawo?

Littafin ya cika, ya yi suna. Samari masu aikin golmo, waɗanda ke noma wa surukansu shekara da shekaru kafin a ba su mata, sukan biyo ta gidanmu su ce a karanta musu. Babana ya buɗe ya karanta da Hausa, da muryarsa ta fareti. Kaka Hausarsa ta kasuwa ce, ta sayen gishiri, don haka yakan zauna yana gyaɗa kai kawai, yana jin daɗin an ce maganar tana nan a ajiye. Mutane suka fara cewa takarda ba ta mantuwa, ba ta tsufa, ba ta son kai.

Rani na biyu bayan haka ya zo da tsanani. Idon ruwan ya ƙafe ƙaf tun da wuri. Innata tana da ciki a lokacin, ya tsufa, tana hawa da tulu duk da haka, don ba a barin gida ba ruwa. Wata safiya a kan faffaɗan dutsen nan ba ta dafa gwiwa ba, zama ta yi, ta daɗe ba ta tashi ba. Ni na juye rabin ruwanta a ƙasa da hannuna don tulun ya yi sauƙi. Ranar babana ya je wurin mai gari ya ce a tara dattawa, lokaci ya yi da za a sauka a gina gari a fili, kusa da rafi da gonaki, kamar yadda wasu ƙauyuka suka riga suka yi.

Aka taru da hantsi a dandalin da ke gaban gidan mai gari. Mu mata da yara muna daga baya a kan duwatsu, inda ake jin komai. Babana ya yi magana mai tsawo kan ruwa, da nisan gona, da mata. Wanda ya tashi ya ƙi shi ne wansa, da muke kira Baba Babba. Ba mugun mutum ba ne. Kaburburan iyaye ne ba ya son a bari, kuma bai taɓa yarda da fili ba. Bai tsaya jayayya ba, sai ya ce ai magana tana rubuce, ƙanensa ya ɗauko littafinsa ya karanta abin da sarki na farko ya ce a kan dutsen nan, ya fassara da yare kowa ya ji.

Babana ya san abin da ke ciki, shi ya rubuta. Na ga yadda ya buɗe littafin a hankali. Amma soja ne, bai tsallake ko kalma ɗaya ba.

"Dutsen nan ne ya ɓoye uwayenku ranar da mahaya suka zo kamun bayi. Doki bai hau shi ba, ba kuwa zai hau ba. Duk wanda ya sauka ya gina ɗaki a fili, mai doki ya gina wa. Kada ku bar dutse." Ya ɗan tsaya, ya karanta layin ƙarshe. "Na ji. A riƙe su tare."

Ya rufe littafin. Baba Babba ya buɗe hannuwa yana duban mutane, alamar magana ta ƙare. Sai muryar Kaka daga inda yake zaune.

"Ci gaba."

"Ya ƙare, Baba."

"Ya ƙare?"

"Iyakarsa ke nan."

Kaka ya dogara sandarsa ya miƙe. Bai dubi kowa ba, ya ratsa taron ya nufi gida. Ba a yanke magana bayan mai riƙe da maganar sarakuna ya tashi, don haka mai gari ya ɗaga zaman zuwa kwana uku.

Kwana biyu Kaka bai amsa gaisuwar babana ba. Tuwo in daga hannun innata ne ya ci, in babana ne ya miƙo ya kau da kai. Babana ya ɗauka maganar sauka ce ta ɓata wa tsohon rai. Ka ga, duk wannan zama da suka yi a gindin tsamiya, bai taɓa sauraren abin da ake faɗa a tsugune ba, kunnensa kan tafi hutu tare da fensir. Ni kuwa ina kusa da ƙasa, a zaune da ƙwaryar gyaɗa, muryar da aka sunkuyar wurina take zuwa. Ban riƙe ta duka ba, amma na riƙe akwai ruwa a cikinta, akwai yara. Na gaya wa innata a bakin rafi. Ta sa na maimaita sau biyu. Da muka hauro ta sami babana yana gyaran ƙotar fartanya, ta tsaya a bayansa ta ce, cikin muryarta da ba ta tashi, "Maigida, ka rubuta sarki. Wa ya rubuta wanda ya amsa masa?"

Na ga babana ya ajiye fartanyar. Sannan ya tashi ya je gindin tsamiya inda Kaka yake, ya cire hula, ya tsuguna. Mutumin da tun dawowarsa daga soja a tsaye yake gaisuwa, ƙafa a haɗe. Ya faɗi abin da ya yi, bai rage ba, har da zancen kofur.

Kaka ya bar shi a tsugune har inuwa ta matsa. Sannan ya ce, "Wannan abokin naka na Sin. Littafin nasu, sarakuna su kaɗai ke surutu a ciki, kamar mahaukata a kasuwa?"

Babana ya ce a'a. Ya ce gaskiya ma, yanzu da ya tuna, mutumin ya ce maganar waziran ta fi yawa, kuma sarkin da ya ƙi jin wazirinsa yawanci a shafi na gaba ake ba da labarin faɗuwarsa.

"To su sun san aiki," in ji Kaka. "Kai ka tafi har can ka ɗauko rabi." Ya sa aka kawo masa ruwa, ya sha, ya miƙa wa babana sauran. A gidanmu haka ake cewa an huce.

Rana ta uku aka koma dandali. Kaka ya shiga tsakiya da sandarsa. Ya faɗi maganar sarki a tsaye, kamar yadda aka karanta, muryarsa har tana dawowa daga jikin duwatsu. Baba Babba yana gyaɗa kai. Sai Kaka ya kwantar da sandar a ƙasa. Gwiwoyinsa suka yi ƙara da zai tsuguna, wani ya miƙa hannu zai taimaka, ya ture. Duk taron ya matso, don ba a ɗaga murya a wannan wurin ko da mutum ɗari ne.

"Sarki ya faɗi gaskiya, gaskiyar yau. Amma dutse kai yake tsarewa, ba ya jiƙa maƙogwaro. Saboda doki muka hau. Ranar da ɗan da aka haifa a nan ya yi furfura bai taɓa jin kofaton mahaya ba, a bar yara su sauka su bi ruwa. In ba haka ba, ƙishi zai yi mana abin da doki ya kasa."

Ya ɗauki sanda, ya miƙe, ya ce, "Na ji. A riƙe su tare."

Baba Babba ya ce shi bai ƙaryata mahaifinsa ba, amma wannan ba ta cikin takarda, kuma kowa ya san tsufa kan ƙara wa magana abin da ba ta da shi. Nan babana ya tashi. Ya ce ba tsufa ba ne, shi ne ya bar ta, da gangan, don ya raina mai faɗarta. Ya faɗi haka a gaban samarin da suka saba zuwa ya yi musu karatu. Na san wannan bai zo masa da sauƙi ba.

Kaka bai ko jira an gama gunaguni ba. Ya ce da Baba Babba, tunda takarda yake so, takardar ma ta ce sarki ya ce ya ji. To me ya ji, in ba wanda ya yi magana? Su wa za a riƙe tare, in guda ce? Sai Kaka ya ce da Baba Babba ya cire hula. Babba da shi, mai jikoki, amma uba ya ce, ya cire. Kansa fari fat ta gefe da gefe.

"Ni na haife ka a kan dutsen nan," in ji Kaka. "Ka taɓa jin kofaton mahaya?"

Baba Babba ya daɗe yana juya hular a hannu. Ya ce bai taɓa ba. Wata tsohuwa a bayanmu ta ce doki ɗaya da ya sani shi ne na mai karɓar haraji, shi ma a gindin dutse yake tsayawa. Aka yi dariya, har da Baba Babba. Mai gari ya yanke cewa za a share fili a wannan ranin, a yi damina ɗaya ta ƙarshe a sama, da an kwashe dawa a sauka. Kaburbura kuwa za a riƙa hawa ana share su kowace shekara, Baba Babba ne zai ja gaba.

Innata ta haihu lafiya kafin ruwan farko, namiji. Shi ne na ƙarshe da aka haifa a gidanmu na dutse. Da kaka ta yi aka fara sauke kaya, tukwane, turame, jinkar ɗaki sukutum a kan samari shida suna waƙa. Ranar da gidanmu zai tashi, babana ya je ya ce da Kaka an gina masa ɗaki a ƙasa, ƙofarsa tana duban dutse, in ya yarda a goya shi. Kaka yana zaune a gindin tsamiyarsa, sanda a kan cinya. Ya ce, "Waziri ya ce yara su sauka. Ka ji ya ambaci tsofaffi?"

Ba a iya da shi ba. Su biyar suka zauna, tsofaffi zalla, ɗigon nan na bayan gida kuwa ya ishe su tunda mun rage musu baki. Mu jikoki muka riƙa hawa da tuwo, yanzu hawa ba tulu, kamar wasa. Babana kuma ya sayo sabon littafi mai kauri, yana hawa duk la'asar suna sakewa daga farko. Damina biyu Kaka ya ƙara. Ba su gama ba. Sarakuna uku na ƙarshe suna nan da maganarsu a tsohon littafin, ba amsa, kuma ba wanda ya rage da zai faɗe ta. Babana ya ɗauki laifin wannan har ƙarshen ransa, bai taɓa ɗora wa kowa ba.

Ni sai da na haifi na uku na shiga ajin yaƙi da jahilci a Zuru, da goyo a baya, ina haɗa baƙi da wasali ana dariyar yadda nake riƙe alli. Yau garin da muka gina a fili ya cika da rufin kwano, babura suna shiga suna fita, 'yan matan unguwa a famfo suke faɗa kan layi, ba su san wuya yana da wani aiki ban da sarƙa ba. Ba na jin haushinsu, don haka aka sauka. Manya kuma yanzu a rediyo suke jawabi, da waya, kowa yana iya ajiye muryarsu ya sake ji. An iya ajiya fiye da da. Sai dai in babba ya gama sai a sa kiɗa, ni kuwa in zauna ina jira, don an koya mini cewa a nan ne rabin maganar yake farawa. 'Ya'yana sun san ni da wannan. In rigima ta haɗa su suka zo gabana, babban ya gama zuba, ba na cewa komai. Nakan juya wurin wanda kansa ke ƙasa in ce masa, to, kai fa?